Horar da tunani a cutar sikizofireniya

Horar da tunani wata hanyar jinya ce da ake bi don inganta tunawa, mayar da hankali da iya tsara ayyuka ga masu fama da sikizofireniya. Sikizofireniya cuta ce ta taɓin hankali mai tsanani, wadda kan sa mutum jin muryoyin da babu su ko riƙe imanin da ya saɓa wa zahiri. A shekarar 2022, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kimanin mutum miliyan 24 ke ɗauke da ita, wato ɗaya cikin kowane 300.

Sauye-sauye a ƙwaƙwalwa

A 1976, Eve Johnstone da abokan aikinta a asibitin Northwick Park da ke Landan sun yi amfani da na'urar hoto ta CT, inda suka gano cewa guraben ruwa da ke tsakiyar ƙwaƙwalwar majinyata sun fi na masu lafiya faɗi. Daga baya hotunan MRI suka nuna raguwar nama mai launin toka, wanda ke ɗauke da ƙwayoyin jijiya, musamman a sashen gaba na bayan goshi, mai kula da tsari da yanke shawara, da kuma hifokamfas, cibiyar adana tunani. Bambancin na matsakaicin ƙiyasi ne tsakanin rukunoni, don haka hoto kaɗai ba ya tabbatar da cutar ga mutum guda.

Dalilin horon

Magungunan cutar, tun daga klofromazin da aka fara amfani da shi a Faransa a 1952, suna rage tasirin sinadarin dofamin, suna kuma kwantar da muryoyi da ruɗani. Sai dai ba su cika gyara mantuwa da raunin mayar da hankali ba, alhali waɗannan su ne kan hana majinyaci komawa makaranta ko riƙe aiki. Horon ya dogara ne da yadda ƙwaƙwalwa ke ƙarfafa hanyoyin sadarwarta idan ana maimaita aiki.

Yadda ake yin sa

Majinyaci kan yi atisaye a kwamfuta ko a takarda sau da dama a mako, na tsawon watanni. Atisayen yana ƙara wuya sannu a hankali, mai horarwa kuma yana koya masa dabarun amfani da shi wajen sayayya, karatu ko sana'a.

Sakamako

A 2011, Til Wykes ta King's College London da abokan aikinta sun haɗa bincike 40, suka samu ci gaba matsakaici a tunani, wanda ya fi amfani idan an haɗa horon da shirin farfaɗo da rayuwar yau da kullum. Wani bincike na Jami'ar Pittsburgh a Amurka da aka wallafa a 2010 ya nuna cewa horon shekara biyu ya rage asarar nama mai launin toka ga waɗanda cutar ba ta daɗe da kama su ba. Ana yin horon tare da shan magani, ba a madadinsa ba.