Hayaƙi da Tsohon Tari

Kongolam gari ne a ƙasar Daura, a bakin iyakar Nijeriya da Nijar, kan hanyar Damagaram. Da hunturu iska takan taso daga hamada ta lulluɓe garin da hazo. Sa'an nan akan ji tari a gidaje da yawa. Na waɗansu yakan warke cikin 'yan kwanaki, na waɗansu kuwa sai ya zauna. In mutum ya yi wata 3 yana tari da kaki, shekara ta kewayo ya sake yin haka, to likitoci sukan ce tsohon tari ya kama shi.

Ga yadda abin ya ke. Maƙogwaro ya rabu biyu a cikin ƙirji, kowane reshe ya shiga huhu ɗaya, ya yi ta rarrabuwa kamar rassan itace. Ta nan numfashi ke bi. A cikin rassan akwai majina kaɗan mai kama ƙura, da waɗansu 'yan gasu ƙanana waɗanda ido ba ya gani, aikinsu share majinar zuwa waje. In hayaƙi ya daɗe yana shiga, sai gasun su gaji, rassan su kumbura, majina ta taru ta tsuke hanya. Dole mutum ya yi ta tari, musamman da asuba. In ciwon ya yi nisa, ko tafiya masallaci sai ya sa shi haki.

Babban abin da ke kawo shi taba ce. Amma mata da yawa ba su taɓa shan taba ba, ga shi kuwa suna fama. Dalili, shekara da shekaru suna tsugune gaban murhu suna hura wutar kara ko ta ɗanyen itace, cikin ɗakin da ba taga. Haka kuma masu kwana da kaskon wuta a ɗaki saboda sanyi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2020 gurɓatar iska a cikin gidaje ta hallaka mutum wajen miliyan 3 a duniya.

Tsohon tari dabam ne da tarin fuka. Tarin fuka ƙwayar cuta ke kawo shi, ana kuwa ɗauka. Tsohon tari ba a ɗaukarsa, saboda haka bai kamata a guji mai shi ba. Amma kunne ba ya iya rarrabe su. Duk wanda ya yi mako 2 yana tari, ya je asibiti, ko a Mai'adua ko a Daura, a auna kakinsa. In ya ga jini, ko zazzaɓi, ko rama, kada ya yi jinkiri.

Huhun da ya lalace ba ya komawa sabo, amma ana iya tsai da ɓarnar. Mai shan taba ya bari. A yi girki a fili ko a rumfa, da busasshen itace. Kada a goya jariri a shiga hayaƙi da shi. Ran da hazo ya yi yawa, a rufe hanci da rawani ko mayafi. A yayyafa ruwa kafin shara. Likita yakan ba da maganin shaƙa mai buɗe hanyar numfashi, sai a bi yadda ya ce.

Yaro ma yana da nasa taimako. Ya shanya wa uwarsa itace, ya buɗe taga, ya raka kakarsa asibiti. Rigakafi ya fi magani.

Tambayoyi
1. Mene ne aikin 'yan gasun cikin huhu?
2. Me ya bambanta tsohon tari da tarin fuka?