October 1: Fim ɗin da ɗan sanda ya gano gaskiya, hukuma ta binne ta

A ranar 1 ga Oktoba, 2014, aka fara haska fim ɗin October 1 na darakta Kunle Afolayan a gidajen sinima na Nijeriya. Ya yi tashe a Kudu, ya kuma kwashi lambobin yabo, amma a Arewa ba kasafai ake ambatonsa ba. Abin mamaki kuwa, jarumin labarin Bahaushe ne, kuma mutumin da aka fi zalunta a cikinsa shi ma Bahaushe ne.

Fim ɗin ya bi sawun wani tsohon salo da ake kira film noir. Kalmar noir Faransanci ce, ma'anarta baƙi. Wani mai sharhin finafinai a Faransa, Nino Frank, ya yi amfani da laƙabin a 1946 domin bayyana wasu finafinan aikata laifi na Amurka, irin su The Maltese Falcon na 1941 da Double Indemnity na 1944. Ana gane su da yawan duhu da inuwa, da al'amuran da ke faruwa cikin dare, da jarumin da ke ba da labarin abin da ya riga ya wuce. Babbar alamarsu dai ita ce mai bincike yakan kai ga gaskiya, sa'annan ya tarar ba ta da amfanin komai, domin masu iko sun fi ƙarfinta.

Labarin, wanda Tunde Babalola ya rubuta, yana faruwa ne a watan Satumba na 1960, ana saura makonni kaɗan Nijeriya ta karɓi mulkin kai. Jami'in mulkin mallaka Winterbottom ya tura Sufeto Danladi Waziri zuwa Akote, wani ƙirƙirarren gari a ƙasar Yarbawa, inda ake yi wa 'yan mata fyaɗe a kashe su. Umarnin da aka ba shi a fili yake: ya rufe maganar kafin ranar biki. Waziri baƙo ne a garin, ba ya jin Yarbanci, sai Sajan Afonja ya yi masa tafinta. Ya sa dokar hana fita da dare, ya zargi bokan gari, ya ɓata da mutanen da yake bukatar taimakonsu.

Inda fim ɗin ya fi taɓa zuciya shi ne lokacin da aka kashe wata yarinya 'yar ƙabilar Ibo. Mahaifinta Okafor, wanda Kanayo O. Kanayo ya fito a matsayinsa, ya shiga daji da 'yan'uwansa neman mai laifi, suka ci karo da wani matafiyi mai suna Usman Dangari. Ba shi da dangi a garin, ba shi da mai tsaya masa, yana kuma kusa da wurin da abin ya faru. Wannan ya wadatar da su. Usman ya rantse ba shi ba ne, har ya shaida wa Waziri cewa ya ji makashin yana fito da baki, ya kuma maimaita masa sautin. Kafin a ɗauke shi daga garin, Okafor ya jefe shi da adda, ya mutu. Gari ya yi ajiyar zuciya, aka shirya wa Waziri liyafar ban kwana. A daren nan ne, yana tafiya cikin maye, ya ji wannan fiton a cikin duhu.

Duk wanda ya bi labarin matafiya 16 'yan Arewa da aka kashe a Uromi ta Jihar Edo a watan Maris na 2025 ba ya bukatar a yi masa bayanin wannan sashe. Afolayan bai mai da Okafor dodo ba. Uba ne da baƙin ciki ya rufe wa ido, kuma hakan ne ya sa abin ya fi ciwo.

Makashin dai ɗan gari ne, kuma ɗan sarki: Yarima Aderopo, wanda ya dawo daga jami'ar Ibadan da digiri, abin alfaharin Akote. Faɗin wannan ba zai rage wa mai kallo komai ba, domin fim ɗin da kansa bai ɓoye shi sosai ba. Tun kafin a kai tsakiya mai lura zai ɗago shi. Abin da aka adana har ƙarshe shi ne dalili. Tun yana yaro wani limamin coci Bature, Rabaran Dowling, ya ɗauke shi tare da wani yaro zuwa makarantar kwana a Legas da sunan tallafin karatu, ya riƙa lalata da su. Ɗayan yaron, Agbekoya, wanda Afolayan ya taka da kansa, ya gudo gida ya rungumi noman koko, ya tsani boko har ya hana ɗansa. Aderopo ya zauna shekara shida, ya dawo yana ɗaukar fansa a kan garin da ya miƙa shi.

A nan salon noir ya cika. Waziri ya kai rahotonsa ga Turawan mulki a ranar samun 'yancin kai, suka ƙi yarda a bayyana sunan ɗan sarki da abin da limaminsu ya aikata. Hujjarsu ita ce zaman lafiyar sabuwar ƙasa. Ya yi gardama, daga bisani ya sunkuyar da kai. A takardar hukuma, Usman Dangari ne ya ci gaba da zama mai laifi. Masu kallon finafinan Amurka za su tuna da ƙarshen Chinatown na 1974, inda mai bincike ya san komai amma ya tafi hannu rabbana.

Fim ɗin yana da nasa rauni. Ya haura awa biyu, wasu wuraren sun yi ja, kuma Turawan cikinsa sun fi kama da zanen barkwanci idan aka gwada su da sauran 'yan wasa. Abin da ya riƙe shi tun daga farko har ƙarshe shi ne Sadiq Daba. Tsohon ma'aikacin gidan talabijin na NTA ne, wanda dattawa suka sani da sunan Bitrus a wasan Cock Crow at Dawn. Siririn jikinsa cikin gajeren wandon kaki na 'yan sandan zamanin Turawa, da Ingilishinsa mai tsafta da yakan juye zuwa Hausa, sun fito da mutumin da ya yi imani da doka fiye da waɗanda suka kawo ta. Wannan rawa ta ba shi lambar gwarzon jarumi a bikin finafinai na AFRIFF a 2014, da kuma ta AMAA a 2015. Ya rasu a Legas ranar 3 ga Maris, 2021, bayan doguwar jinya.