Yadda wayar hannu ke kawo koyon sana'a ƙauye

Da zarar an kai amfanin gona gida, samari da yawa daga Baure, Zango, Sandamu da Mai'aduwa sukan kama hanyar cin rani zuwa Kano, Abuja ko Legas. Mafi yawansu suna tafiya ba sana'a a hannu, sai dako da tura baro. Ba ƙyuya ta jawo haka ba. Wuraren koyon sana'a a birni suke, kuɗin mota, abinci da wurin kwana kuwa sun fi ƙarfin talaka. Matar aure mai goyo ma ba a zancenta.

Daura ta sami manyan makarantu, kamar Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da aka kafa a 2019, da Jami'ar Sufuri. Amma duka biyun suna neman takardar gama sakandare. To, wanda ya tsaya a firamare fa, ko wadda ba ta taɓa shiga aji ba?

Kai makaranta wurin ɗalibi

Wannan tunani ba sabo ba ne. Hukumar samar da aikin yi ta ƙasa, NDE, wadda aka kafa a 1986, ta ɓullo da makarantar tafi-da-gidanka, wato mota cike da kayan aiki da ke bin karkara ana koyar da sana'a. Sai dai mota ɗaya ba ta isa ƙauyuka ɗari ba. Wayar hannu da ta shigo Nijeriya a 2001 ita ce ta kai inda mota ta kasa.

Ga misalai biyu daga kusa da mu. A 2009 ƙungiyar agaji ta Katolika, CRS, ta fara wani shiri a makarantun yaƙi da jahilci na jihohin Damagaram da Doso a Nijar. A wasu ƙauyukan an haɗa karatu da koyon amfani da waya, mutum 5 suna tarayya a waya ɗaya. Da aka yi jarrabawa, waɗannan ƙauyuka sun fi sauran a rubutu da lissafi, domin ɗaliban sun ci gaba da rubuta saƙo bayan an tashi aji.

Na biyu shi ne buhun adana wake mai ruɓi uku, wanda Jami'ar Purdue ta Amurka ta fara yaɗawa a 2007. Sirrinsa yana wurin ɗauri: leda biyu a ciki, buhu a waje, kowanne a matse iska a ɗaure shi daban, sai ƙwari su mutu don rashin numfashi. Faɗa da baki ba ya wadatarwa. Da aka ɗauki gajeren bidiyo da Hausa, manoma a Nijar da Nijeriya suka riƙa tura wa juna ta Bluetooth ba tare da biyan ko sisi ba. Gani ya kori ji.

Abin da waya ba ta iyawa

Bidiyo zai nuna yadda ake yanka riga, haɗa fitilar sola ko kwance injin ban ruwa, kuma ana iya maimaita shi sau goma ba ya gajiya. Amma ba zai riƙe hannun ɗalibi ya gyara masa kuskure ba. Ba a zama tela sai an taka keke. Ga kuma rashin wuta, tsadar data, da cewa a gidaje da yawa wayar tana aljihun maigida, mata ba sa samunta.

Yadda za a fara

Ƙungiyar matasa ko zumuntar mata ta zaɓi sana'a ɗaya wadda ake nema a yankin, kamar ɗinki, gyaran babur ko kiwon kaji. Mutum ɗaya ya sauko da bidiyoyin Hausa idan ya shiga gari, ya zuba su a memori, domin a kalla ba sai da intanet ba. Ƙungiyar Access Agriculture tana da bidiyoyin noma da kiwo da Hausa kyauta. A yi karo-karo a sayi ƙaramin faifan sola don caji. A sa rana a mako a kalla tare, a tsayar, a tattauna. Sannan a roƙi wani gwani na kusa ya riƙa duba aikin hannun kowa, a ba shi ɗan abin sabulu.

Wanda ya ƙware ya nemi shaida. Hukumar NBTE da ke Kaduna tana da tsarin NSQ, inda ake gwada mutum a kan aikin da ya iya, ko da a wurin maigida ya koya. A yi hattara da masu turo saƙo suna neman kuɗi don su ba da takarda ba tare da gwaji ba.

'Yan'uwa, rani yana da tsawo. A duba wayoyin da ke ƙauyenku, a duba gwanayen da kuke da su, a haɗa su wuri ɗaya tun kafin samari su ɗaure kaya.