Na'urar da ke gane hoto da haske

Yau ina so mu yi maganar wani ɗan ƙaramin cip da ya daɗe yana yi mini yawo a kai.

Ka san idan wayarka za ta gane fuskarka, aiki ne mai hawa-hawa. Kyamara ta karɓi haske, ta mayar da shi lantarki, lantarkin ya koma lambobin 0 da 1, a ajiye su, sannan ƙwaƙwalwar wayar ta riƙa ɗauko su tana lissafi ɗaya bayan ɗaya. Wannan kai-da-kawon ne ke cin lokaci, ya ci caji.

To, a 2022 masu bincike a Jami'ar Pennsylvania da ke Amurka, ƙarƙashin Firooz Aflatouni, suka fito da wata dabara. Sun ƙera cip mai faɗin murabba'in milimita 9.3, wato ko rabin farcen ɗan yatsa bai kai ba. Hasken hoton ne da kansa ke shiga ta wasu siraran hanyoyi, ya ratsa matakai uku. A kowane mataki ana rage ƙarfin wani hasken, a haɗa shi da wani, da ɗan taimakon lantarki. Kafin ya fita, amsa ta fito. Ba sai an ajiye hoton ba.

Sauri fa? Ko kashi ɗaya cikin biliyan na daƙiƙa ba ya kaiwa, wato kusan hotuna biliyan 2 a daƙiƙa guda.

Amma tsaya, kar ka yi saurin tafi. Haruffan rubutun hannu kawai aka gwada shi da su. Tsakanin iri biyu ya dace da kusan kashi 94 cikin 100, tsakanin iri huɗu kuma kusan 90. Ka ga ke nan da sauran tafiya kafin a kai ga fuskar mutum.

Ni abin da ke damuna shi ne, ranar da irin wannan ya shiga kyamarorin kan titi, kashi 10 ɗin da aka yi kuskure a kansu mutane ne. Wani a kama shi, alhali ba shi ba ne. Don haka mu fara tambaya tun yanzu: wa zai riƙe na'urar, kuma wa zai amsa in ta yi kuskure?

Sai mun haɗu a shiri na gaba. Ku huta lafiya.