Ƙafar tsuntsunka: me ya sa tattabaru ke rasa yatsu, kuma yaya za a kare su?

Ga rubutaccen shirinmu na wannan mako, saboda waɗanda data ba ta bari su saurara ba.

Yau muna Daura ne, unguwar Kusugu. Duk wanda ya taɓa tsayawa wajen rijiyar nan da yamma ya ɗaga kai, ya san garin nan akwai masu kiwon tattabaru. Ga kuma masu kanari a keji, da 'yan tsirarun da ke da aku. Idan masu kiwo suka haɗu, hirar ba ta wuce launin gashi, da tashi, da yawan ƙyanƙyasa. Da wuya ka ji wani ya ce, "Bari in duba ƙafarta." To ƙafar ce maganarmu ta yau.

Ka yi tunani, kai idan ka gaji sai ka kwanta. Tsuntsu fa? A tsaye yake ci, a tsaye yake hutawa, akasari ma a tsaye yake barci. Aku har abinci yake riƙewa da ƙafa, don shi yatsunsa biyu gaba ne biyu baya, yayin da tattabara da kanari ke da uku gaba ɗaya baya. Sannan tsuntsu gwanin ɓoye ciwo ne, domin a daji wanda ya nuna rauni shi shaho ke fara ɗauka. Kafin ka ga yana ɗingishi, ciwon ya riga ya yi kwanaki.

Na farko: zare da gashi

Wannan shi ya fi cinye yatsun tattabaru. Tattabara na kiwo a ƙasa, sai silin zare ko gashi ya naɗe mata yatsa. Tana tafiya yana ƙara ɗaurewa, tana ja da baki yana ƙara shiga nama. Jini ya daina isa, yatsan ya kumbura, ya yi baƙi, ya bushe, ya faɗi. Wani lokacin ma zaren ƙafa biyun yake haɗewa kamar an yi mata dabaibayi.

A shekarar 2019 wasu masana a Faransa, ƙarƙashin Frédéric Jiguet, sun duba tattabaru a wurare 46 na birnin Paris. Abin da suka gano ya ba mutane mamaki: unguwannin da suka fi yawan shagunan gyaran gashi, tattabarunsu sun fi rasa yatsu. Da can ana ɗora laifin a kan cuta.

Yanzu dawo gida ka duba. Gab da ƙaramar Sallah, ko babba, ko Sallar Gani da Daura ke cika, teloli na kwana ɗinki, masu kitso na wuni aiki. Ina guntayen zaren da gashin kanti suke zuwa? Bola, ko bakin kwata, inda tattabarunka ke sauka. Ƙara da zaren buhun hatsi da ke warwarewa a tsakar gida. Shi gashin roba ma ya fi muni, don ba ya ruɓewa. Wasu tattabarun har ɗaukarsa suke su kai sheƙa, ya naɗe ƙafar ɗan da bai ko yi gashi ba.

Idan ka gani, ku zama ku biyu. Ɗaya ya naɗe tsuntsun a tsumma ya riƙe, ba tare da matse ƙirji ba, don da motsin ƙirjin yake numfashi. Ɗayan ya jiƙa ƙafar a ruwan ɗumi, ya sa ƙaramin almakashi ya yanka zaren, ya warware shi a hankali. Kada a fizga. A tabbata ba a bar sili ko ɗaya a cikin naman ba, sannan a wanke da ruwan gishiri kaɗan. Idan yatsan ya riga ya yi baƙi, kada ka sa reza, kai shi wajen likitan dabbobi.

Na biyu: kumburin tafin ƙafa

Juya ƙafar ka kalli ƙasanta. Lafiyayyen tafi yana da ɗan kaushi-kaushi. Idan ka ga wuri ya yi sulɓi, ya yi ja yana sheƙi, ciwo ya fara. In aka bari sai fatar ta tsage, ƙwayoyin cuta su shiga, ya zama ƙullutu mai baƙin ɓawo a tsakiya. Daga nan yana iya kaiwa ga ƙashi.

Me ke kawo shi? Galibi abin da muka ba tsuntsun ya tsaya a kai. Kejin kanari da ake sayarwa, sandarsa guda ce, kaurinta ɗaya, wata ma roba ce ko ƙarfe. Kullum wuri ɗaya na tafin ke ɗaukar nauyin jiki. Ga dandaɓen waya, ga siminti, ga kashi da ya jiƙe ya taru. Ƙiba ma na taimakawa, haka nan ƙarancin bitamin A, wanda ke samun tsuntsun da ba a ba shi komai sai gero da dawa.

Maganin tun farko ba ya cin kuɗi. Samo rassan itace masu ɓawo, kamar na gwaiba, wanda ba a yi wa feshi ba. Sa biyu ko uku, wani siriri wani mai kauri, yadda yatsun za su zagaye kamar kashi biyu cikin uku na reshen. A ɗakin tattabaru a zuba busasshen yashi, a riƙa sharewa. A haɗa wa kanari da aku ganye da ɗan karas.

Abu ɗaya da ya kamata ka sani: mugunyar tsuntsu ba ruwa-ruwa take ba irin tamu, daskararriya ce kamar awara. Matsawa ba ta fitar da ita, azaba kawai za ka ba shi. Idan ƙullutu ya fito, aikin likita ne.

Na uku: ƙafa mai ɓawo

Wani lokaci za ka ga saɓar ƙafar ta ɗaɗɗago, ta yi fari kamar an shafa toka ta bushe. Masu kaji sun san wannan. Wasu ƙananan ƙwari ne da ido ba ya gani suke haƙa ƙarƙashin saɓar, kuma suna kama kanari ma. Suna yaɗuwa daga tsuntsu zuwa tsuntsu, shi ya sa duk wanda ka sayo, a kasuwar Daura ne ko ta Mai'aduwa, ka ware shi kamar wata guda kafin ka haɗa shi da naka.

Shafa basilin a ƙafar yana tausasa ɓawon, yana kuma toshe wa ƙwarin iska, sai dai a kiyaye kada ya taɓa gashi. Kada ka ɓamɓare ɓawon da ƙarfi, jini zai fito. Akwai maganin ivermectin da ke kashe su, amma likita ne zai auna, saboda kanari nauyinsa bai fi giram 20 da wani abu ba, ɗigo ɗaya ya wuce kima sai a rasa shi.

Da damina kuma akwai ƙurajen da sauro ke kawo wa tattabaru, suna fitowa a ƙafa da gefen ido da baki. Rage sauro a inda suke kwana shi ne babbar kariya.

Na huɗu: farce da zobe

Tattabarar da ke fita kiwo ƙasa na goge mata farce. Na keji ne nasa ke tsawo har ya lanƙwashe, ya riƙa maƙalewa a waya, wani sa'in ya karya yatsa. In za ka yanke, ɗaga farcen wajen haske: za ka ga jan layi a ciki, jijiyar jini ce. Tsinin kawai za ka cire, nesa da ita. Baƙin farce ba a ganin jijiyar, sai a rage kaɗan-kaɗan. Idan jini ya fito, danna garin fulawa a wurin har ya tsaya.

Sai kwalliya. Samari na son sa wa tattabaru zobe ko duwatsu a ƙafa don gane nasu. Ba laifi, in dai zoben na juyawa yana hawa yana sauka. Wanda aka sa wa ɗan tattabara, ƙafar na girma shi ba ya girma. Kashi na taruwa a ƙarƙashinsa ya daskare. Alamar zare ko waya kuwa, a bar ta gaba ɗaya.

Wanka fa?

Tsuntsu ya fi ka iya gyara jikinsa. Ka lura da shi bayan ya ci: yana bin gashinsa ɗaya bayan ɗaya da baki, yana tsince yatsunsa. Naka shi ne ka ajiye masa faffaɗan kwano da ruwa marar zurfi, sau biyu ko uku a mako. Farin garin da ke tasowa a kan ruwan bayan tattabaru sun yi wanka daga gashinsu yake, lafiya ce. Ba a sa sabulu ko Omo. Da hunturu a bari rana ta ɗaga tukuna. Da bazara kuwa, lokacin da zafin Daura ke haura digiri 40, kada a bar keji a kan kwano ko siminti a rana, ƙafar na ƙonewa.

Abin da ba a shafawa

Baƙin mai, kananzir, fiya-fiya: duk wanda ya ce ka shafa, kada ka yarda. Abin da ka shafa a ƙafa, baki zai kai ya tsince. Haka maganin ciwon jiki na mutane. Diclofenac ɗin da ake sha don ciwon gaɓoɓi shi ya kusa ƙarar da ungulayen Indiya, saboda yana lalata musu ƙoda, har gwamnatin ƙasar ta hana ba dabbobi shi a 2006.

To yaya za ka gane da wuri? Tsuntsu ya ɗage ƙafa ɗaya yana hutawa ba matsala ba ce, haka suke yi. Abin lura shi ne idan kullum ƙafa ɗaya yake ɗagewa, ko ya yawaita cizonta, ko ya bar sanda ya koma zaman ƙasa. Ware rana ɗaya a mako, ko Juma'a ce bayan an sauko masallaci, ka kama su ɗaya-ɗaya ka duba tafi, da tsakanin yatsu, da farce, da zobe. Minti ɗaya ya ishi kowanne. 'Yan'uwa mata masu kitso da teloli, don Allah a riƙa ƙulle guntayen gashi da zare a leda kafin a zubar. Tsuntsun da ka tsare a gidanka amana ce, kuma ba shi da bakin da zai gaya maka inda ke masa ciwo.

A nan za mu dakata. Wanda ya san mai kiwo, ya tura masa. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu yi magana kan abincin 'ya'yan tattabaru da iyayensu suka guje su. Mu kwana lafiya.