Gaskiya ko Jita-jita: Me Ke Sa Mutum Ya Sa Hannu a Aljihu?

Duk wanda ya taɓa riƙe asusun gyaran masallaci ko na jinyar marar lafiya ya sha jin maganganu kan masu bayarwa da masu tarawa. Bari mu ɗora uku daga ciki a kan sikeli.

"Sai mai hali ke bayarwa."

Jita-jita. Gidauniyar CAF ta Birtaniya ta daɗe tana auna kyauta a ƙasashen duniya. Myanmar ta yi shekaru a jere tana kan gaba, daga baya Indunusiya ta karɓe ta, kuma a 2024 Kenya ce ta biyu. Rahotonta na 2025 ya sa Najeriya a sahun farko wajen kason da mutum ke cirewa daga abin da yake samu. Attajiri yana ba da dunƙule, amma hannayen talakawa sun fi yawa. Mai tarawa da ya tsaya jiran babban baƙo ya bar rijiyar ƙofar gidansa.

"Girman bala'i ke buɗe aljihu."

Jita-jita. A binciken da Deborah Small da George Loewenstein da Paul Slovic suka wallafa a 2007, an nuna wa wasu mutane alƙaluman miliyoyin masu fama da yunwa a Afirka, wasu kuma labarin yarinya ɗaya 'yar shekara 7 daga Mali. Waɗanda suka ga yarinyar sun fi bayarwa. Da aka haɗa labarinta da alƙaluman, sai kyautar ta ragu. Zuciya tana gane fuska, ba ta iya ɗaukar miliyan. Shi ya sa masu neman taimako ke sa hoton mutum ɗaya a gaba. A nan nake jin tsoro: marar lafiya yana da mutunci, kuma bai kamata a yaɗa hotonsa ba sai da yardarsa ko ta iyalinsa.

"Wanda ya cire kuɗin aiki daga asusu ya ci amana."

Da sauran magana. Buhun shinkafa ba ya kai kansa ƙauye. Akwai kuɗin mota, da na dako, da na mai rubuta lissafi. Ko a zakka, ma'aikatan da ke tattara ta suna cikin rukunai 8 da aya ta 60 ta Suratut Tauba ta ba haƙƙi. Cin amana yana farawa ne daga ɓoyewa: a cire ba a faɗa ba, ko abin da aka cire ya rinjayi abin da ya isa ga mabuƙaci.

Saboda haka, kai mai tarawa, faɗi nawa ya shigo, nawa ya fita, ka nuna rasit, ka koma ka yi godiya ko ga wanda ya ba da naira 100. Wanda ya ga inda kuɗinsa na bara ya sauka ba ya wahalar roƙo bana.