Bakan Gizo: Daga Paris Zuwa Birnin Zazzau

A tsakiyar Paris, babban birnin Faransa, akwai wata ƙatuwar ƙofa wadda ba ta da ganuwa, ba ta kuma da ƙyaure. Napoleon ne ya ba da umarnin gina ta a 1806 domin tunawa da nasarorin sojojinsa, amma ba a kammala ta ba sai a 1836, bayan rasuwarsa. Tsayinta ya kai kimanin mita 50. Abin tambaya shi ne, me ya hana duwatsun da ke saman mashigarta ruftowa?

Sirrin yana ga siffar baka. Kowane dutse an sassaƙa shi sama da faɗi, ƙasa a tsuke, saboda haka nauyin da ke bisansa sai ya ƙara matse shi da maƙwabtansa, su kuma su miƙa nauyin zuwa ginshiƙai, daga nan zuwa ƙasa. Dutse yana jure matsi ƙwarai, ja ne ba ya jurewa.

Ɗalibi a Kakuri ko Barnawa ba sai ya je Turai ba kafin ya ga irin wannan hikima. Tafiyar kimanin kilomita 80 ce zuwa Zariya. A zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu (1834-1846), wato daidai lokacin da ake ƙarasa ƙofar Paris, Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina Masallacin Juma'a na birnin da bakan gizo.

Sai dai dabararsa daban ce. Laka ba ta da ƙarfin dutse, don haka magini yakan kafa azarar giginya cikin bango, wadda gara ba ta cika ci ba. Yakan ɗora wata a kanta ta ɗan zarce ta, a ɗaure da igiya, a shafe da laka, a bari ta bushe. Haka za a yi ta yi daga ɓangarorin biyu har su haɗu a sama. Azara ke ɗaukar ja, laka ke ɗaukar matsi, kamar dai rodi da kankare a ginin zamani.

A shekarun 1970 aka rushe wani sashe na masallacin, aka lulluɓe sauran da sabon gini. Bakunan da suka tsira a lokacin sun kasance a cikin sabon ginin, amma maginan da suka iya ɗaura irinsu sai raguwa suke yi, don kuwa aiki ne da ake koyo da hannu a wurin ubangida, ba a littafi ba.